Yadda za ka yi memwar ɗinka na sadarwa a Damagaram, daga zaɓen suje har ranar sutanas

Assalamu alaikum ƙannena ƴan sadarwa da aikin jarida, musamman ku da kuke shekara ta 3 ta lisans da ƴan masta da aka ce su kawo suje, wato batun da za su yi memwar a kai, littafin binciken nan na ƙarshen karatu da ake karewa gaban malamai ranar sutanas. Satin nan biyu kusan kullum sai wani ya turo min vokal ko ya tare ni a hanya, yaya ta ina zan fara, yaya ankadarer (malamin da ke duba aikina) ya ƙi suje na, yaya mutum nawa zan tambaya, to na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ko a Jami'ar André Salifou kake bincikenka ya ja ka wajen radiyo da waya, ko a ESSCOM kake a Yamai, makarantar aikin jarida da a da ake kira IFTIC, ka dawo gida yin anket, wato fita tambayar mutane, ko wata lakkwal mai zaman kanta, hanyar kusan ɗaya ce. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu amma ƙannena mata da ku nake, har ma akwai wurin da ku kuka fi mu dama, za mu zo wajen.

Abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne, memwar ɗin nan da Faransanci za ka rubuta shi amma da Hausa za ka samo shi. Mutanen da za ka tambaya a Birni da Zango da Garin Malam da Kara-Kara da Hausa za su amsa maka, shirin radiyon da za ka saurara da Hausa ake yi, vokal ɗin da ke yawo a gurup da Hausa ne, kuma tsakanin bakin mutane da takardar da juri, malaman da za su ba ka maki, za ta karanta nan ne aikin yawancinmu ke zubewa, shi ya sa zan fi daɗewa a wajen.

Mataki na farko, suje

Kusan duk wanda ya zo min suje ɗinshi ya fi ƙarfinshi. Tasirin kafofin sada zumunta a kan matasan Nijar. To wane matasa, na Agadas ko na Gaya, wace kafa, Facebook ko TikTok ko WhatsApp, tasiri a kan me, karatu ko aure ko siyasa? Jihar Zinder kaɗai a ƙidayar 2012 ta haura mutum miliyan 3 da rabi, ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, kai kuma wata huɗu ko biyar gare ka da kuɗin kabu-kabu da ba su taka kara sun karya ba. Suje mai kyau yana da abu huɗu a cikinshi: kafa ɗaya, mutane sanannu, wuri da ƙafarka za ta kai, da lokaci. Misali, ta ina samarin fada na unguwa biyu a Zinder ke samun labarin gari, radiyo ko WhatsApp, kuma wanne suka fi gaskatawa. Wannan za ka iya gamawa, kuma da shi zan riƙa ba da misali har ƙasa.

Kuma wallahi garin nan cike yake da suje da ba a taɓa ba. Shirye-shiryen da ake buɗe layi masu saurare su kira a Anfani ko Shukura, su wa ke kira, maza nawa mata nawa, me suke kuka da shi. Sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da cigiya a radiyo, yanzu da kowa ke da gurup na dangi har yanzu ana kai su ko an rage. Radiyon karkara a Miriya ko Magarya ko Matamaye da yadda suke rayuwa ba talla. Mutanen bakin iyaka da ke kama tashoshin Najeriya. Shirin Studio Kalangou da radiyoyi abokan hulɗa ke watsawa tun 2016, wa ke ji a nan. Har da sanƙira da mai shela da maroƙan fadar Sarkin Damagaram, su ma sadarwa ce, sun girmi makirfo nesa ba kusa ba, ni ban ga dalilin da za a ce ɗan sadarwa ya raina su ba.

In ka zaɓa ka gwada shi haka: je ka faɗa wa inna ko baba suje ɗinka da Hausa a jimla ɗaya. In ka kasa, ko ka ga sai ka cusa Faransanci sau uku kafin ka kai ƙarshe, to kai ma ba ka gane shi ba tukuna, koma ka rage.

Mataki na biyu, ankadarer

Nan ba zan daɗe ba. Kar ka je wajen malam da hannu biyu kana cewa mushe a ba ni suje. Je da shafi ɗaya a buge: suje, tambayar da kake son amsawa, dalilin da ya sa, wurin anket, da abu uku da ka riga ka karanta. Malaman nan kowane na riƙe da ɗalibai da yawa ga kur ga tafiye-tafiye, wanda ya zo a shirye shi ake tunawa. Ka tambaye shi yadda yake so a riƙa kawo mishi aiki, a takarda ko ta imel, kar ka kira shi da daddare, kuma duk gyaran da ya yi maka ka rubuta a kaye a gabanshi, don babu abin da ke ɓata wa malami rai kamar ya ga kuskuren da ya gyara wata ɗaya da ya wuce ya dawo mishi yadda yake.

Mataki na uku, karatu

Fara da bibliyotek ɗin makarantarku, ka duba memwar biyar ko shida na waɗanda suka gabace ka don ka ga tsari da abin da aka riga aka yi. Sannan intanet: Google Scholar, Cairn, Persée, OpenEdition, akwai maƙaloli da yawa na kyauta da Faransanci a kan radiyo da waya a Sahel. Ranar da ka samu reso mai kyau ko forfe na dare ka sauke duk abin da za ka iya ka ajiye, ka karanta daga baya. Ka sa Zotero a ordinatar ɗinka, kyauta ne, shi zai riƙe maka sunan marubuci da shekara, in kuma ba ka da ordinatar to kaye ɗaya ka ware, duk jimlar da ka ɗauka ka rubuta sunan mai ita da shekara da lambar shafi nan take. Nan take fa. In ka ce sai daga baya, ranar haɗa bibliyogarafi za ka ga jimloli masu daɗi ba ka san na wa ne ba.

Akwai tarihin da ya kamata ɗan sadarwa na Nijar ya riƙe a ka don shi ne zai zama shimfiɗar babinka na farko. Radiyon ƙasa ya fara a 1958 da sunan Radio Niger kafin ya zama Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren radiyo, radiyo kulob, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri su tattauna a naɗi muryarsu a mayar gidan radiyo, ka ga ke nan zaman sauraro a taro ba yau ya fara ba a ƙasar nan. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe fage, radiyo mai zaman kanshi na farko ya fara a Yamai a 1994, radiyon karkara na farko kuma a Bankilare a 1999. A 2010 aka yi dokar ƴancin jarida da ta cire ɗauri a kan laifukan aikin jarida. Ta ɓangaren waje, BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007.

Amma a kula, abubuwa sun canza sosai ƴan shekarun nan. Gidan radiyo da talabijin na ƙasa ORTN ya koma RTN, hukumar CSC mai sa ido kan kafofin watsa labarai da tsofaffin memwar ke ta ambato ba ta nan yadda take tun bayan Yulin 2023, an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, dokar laifukan intanet ta 2019 ma an sake taɓa ta a 2024 an maido da hukuncin ɗauri. In ka kwafo shafin "yanayin kafofin watsa labarai a Nijar" daga memwar na 2015 ka manna, ɗan juri ɗaya da ke bin labarai ya ishe ka.

Mataki na huɗu, purobilematik da ipotez da tewori

Kalmar purobilematik na tsorata ɗalibai alhali abu ne mai sauƙi: me aka sani, me ba a sani ba, me ya sa rashin sanin ya dame mu, sai tambayarka. Tambaya babba ɗaya, ƙanana biyu ko uku, kowace ƙarama da ipotez ɗinta, wato amsar da kake zato kafin ka fita. Ipotez dole ta zama abin da anket zai iya ƙaryatawa. "Radiyo na da muhimmanci ga matasa" ba ipotez ba ce, ba wanda zai musa. Amma "samarin fada sun fi fara jin labari a WhatsApp, sai dai ba sa gaskata shi sai sun ji a radiyo", wannan za a iya fita a gwada, ta yiwu ta tabbata ta yiwu ta faɗi.

Tewori kuma ɗaya ko biyu sun isa, kar ka jera takwas don a ce ka yi karatu. Lasswell a 1948 ya ba mu tambayoyin nan biyar, wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, da wane sakamako, suna taimaka maka ka san a ina suje ɗinka ya tsaya cikin biyar ɗin. In masu sauraro kake bincike akwai tewori na amfani da biyan buƙata da Katz da Blumler da Gurevitch suka tsara a farkon shekarun 1970, wanda ke tambayar me mutane ke yi da radiyo maimakon me radiyo ke yi musu. In labarun da tasha ke fifitawa ne, McCombs da Shaw a 1972, bincikensu na zaɓen Amurka na 1968 ya nuna abin da jaridu suka fi yawan ɗagawa shi mutane ke ɗauka ya fi muhimmanci. In yaɗuwar sabon abu ne kamar rigakafi ko irin shuka, Rogers 1962.

Ni dai wanda ya fi burge ni a misalinmu na fada shi ne na Katz da Lazarsfeld na 1955, cewa labari ba kai tsaye yake shiga kan jama'a ba, yana bi ta wasu mutane da ake jin maganarsu sannan ya bazu. Duk wanda ya taɓa zama fada ya san mutumin nan, shi ke da forfe kullum, shi ke cewa kun ji abin da ya faru, shi ake juyawa a kalla in an yi gardama ana jiran shayi na biyu. A Amurka aka gano abin amma kai aikinka shi ne ka duba ko haka yake a nan, kuma in ya bambanta ta ina, wataƙila a nan limamin unguwa ne ko direban da ke zuwa Kano duk sati ko mai shagon sharjin waya. Haka ake amfani da tewori, ka sa shi ya yi maka aiki a babin sakamako, ba ka ajiye shi a babi na ɗaya kamar kayan jere ka wuce ba.

Mataki na biyar, kayan aiki, nan ne maganar take

Hanya uku ce gabanka: kestiyone, wato takardar tambayoyi, in lissafi kake so, antiretiyan, wato hira mai zurfi, in kana son jin dalili, ko nazarin abin da aka watsa in shirin kanshi kake bincike. Ɗan lisans ya ɗauki ɗaya ya yi ta da kyau, ko kestiyone da ƴan hirarraki kaɗan, ɗan masta na iya haɗa biyu.

Maganar mutum nawa. Za ka ga 384 na yawo a memwar da yawa, lambar ta fito ne daga lissafin amincin kashi 95 da kuskuren kashi 5, amma sharaɗinta a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a ta yadda kowa a garin zai iya faɗowa ciki. In kai fada goma ka zaga ka tambayi wanda ka tarar, to ba wannan ka yi ba, kuma ba laifi ba ne, laifin shi ne ka ɓoye. Rubuta gaskiya: na tambayi mutum 100 ko 120 a fada kaza cikin unguwa kaza, ga yadda na zaɓe su, sakamakon na waɗannan ne ba na duka matasan Zinder ba. Hira kuma 12 zuwa 20 masu zurfi sun wadatar, in ka ga amsoshi sun fara maimaita kansu ka kusa tsayawa.

Yanzu fassara. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya rubuta kestiyone da Faransanci, malam ya amince, sai ya fita yana fassarawa da ka a bakin kowane gida, yau ya ce haka gobe ya ce haka, a ƙarshe mutum 100 sun amsa tambayoyi daban-daban shi yana zaton ɗaya ce. Zauna ka rubuta Hausar a takarda. Sannan ka ba wani abokinka Hausar kaɗai, wanda bai ga na Faransancin ba, ya mayar maka da ita Faransanci, duk inda nashi ya saɓa da naka to nan akwai matsala.

Kuma za ka ga matsalolin da idonka. Kalmar "fiable", yarda ce ko amincewa ko gaskatawa? Ba ɗaya ba ne, mutum na iya yarda da gidan radiyo saboda na garinsu ne amma bai gaskata kowane labarinshi ba. Labari daban, sanarwa daban, jita-jita daban, ƙarya daban, Faransanci na iya dunƙule maka su amma mai amsa ba zai dunƙule ba. "Souvent, parfois, rarement" ba sa aiki a baki, kowa da abin da yake nufi da wani lokaci. In ka ce kana jin radiyo, kowa zai ce e don kar ya ba ka kunya. Tambayi jiya. Jiya ka ji radiyo? Wace tasha? A akwati ko a waya? Kai ka kunna ko a shagon tela ka tarar ana ji? Lokaci kuma kar ka nace sai ƙarfe nawa, mutane da salla suke auna yini, bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, tsakanin magariba da lisha, sa waɗannan a cikin zaɓin amsa, daga baya kai ka mayar da su awa.

Sai kuɗi, dan Allah a kula da wannan. Mu da dala muke ƙirga, in baiwar Allah ta ce maka tana sa kiredi na ɗari a sati, faran 500 take nufi, in ta ce ashirin faran 100 ne, jaka kuma 1000. Na taɓa karanta aikin wani ƙanena da ya sa abokai biyu suka taya shi anket, ɗaya na rubuta lambar da aka faɗa mishi ɗaya na ninkawa biyar, teburin ya fito ba kai ba gindi kuma ba yadda za a raba, dole aka zubar da tambayar gaba ɗaya. Ku yanke tun farko da wanne za ku rubuta, ku sa a saman takarda.

Shekaru ka yi su rukuni-rukuni, 18 zuwa 24, 25 zuwa 34, don ba kowa ya riƙe ranar haihuwarshi ba. Karatu kar ka tsaya a boko, sa makarantar allo da islamiyya da yaƙi da jahilci, wanda ke karanta ajami ka sa shi a layin "bai yi karatu ba" ka zalunce shi ka kuma ɓata sakamakonka. Kar ka tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ka san kunya. Tambayoyi 20 zuwa 25 sun isa, kada a wuce minti 15. In ka gama ka gwada a kan mutum goma da ba sa cikin waɗanda za ka tambaya, duk tambayar da aka ce maka "me kake nufi" sau biyu ka sake ta.

In kuma shirin radiyo za ka nazarta, kar ka dogara tasha za ta ba ka tsofaffin shirye-shirye, ba kowace ke ajiyewa ba. Naɗa da kanka a waya, sati biyu ko uku a jere, ka guji satin salla ko na wani babban abu sai in shi kake bincike. Yi tebur: rana, batu, minti nawa aka ba shi, wa aka ba magana, namiji ko mace, hukuma ko talaka, da wane harshe. Ka ba wani ya cika teburin a kan shiri biyu ko uku shi kaɗai ku kwatanta, in kun saɓa da yawa to rukunanka ne ba su fito fili ba.

Mataki na shida, shiga gari

Da ɗan gari akan ci gari. Karɓi takardar izinin bincike daga makarantarku da tambari, ka kai meri ɗin da unguwar take ciki, birnin Zinder arondisman 5 ne ka tabbatar wanne ne naka, sannan ka je ka gaida mai unguwa ka yi mishi bayani, sau da yawa shi zai haɗa ka da yaron da zai zaga da kai. A fada ka fara da shugaban fada, ka zauna a sha shayi, ranar farko ma kar ka fito da takarda, saurara kawai ka ga wa ke kawo labari wa ke musawa, da ka koma gida ka rubuta abin da ka gani a kaye don shi ma bayani ne.

Ƙannena mata, ga inda kuka fi mu. Ku kuna shiga cikin gida ku zauna a tabarma ana tsinke zogale ana hira, mu iyakarmu zaure. Namijin da ke son muryar mata a aikinshi ya nemi abokiyar karatu su yi musaya, ita ta yi mishi gidaje shi ya yi mata fada da tasha, in ba haka ba zai dawo da maza 90 mata 10 ya ce ra'ayin jama'a.

Faɗa wa kowa tun farko kai ɗalibi ne, ba porje ba ne, ba rabon kaya za a yi ba, don in aka zaci taimako ne amsoshi za su karkata. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka ce ba za ka sa suna ba kuma ka cika alkawari, a memwar ka rubuta "tela, shekara 27, Zango" ya isa. In hira ta gangara wajen siyasa ko tsaro mutum ya nuna bai so, kashe naɗin, kuma muryar da aka ba ka amana kar ta fita daga wayarka zuwa wani gurup ko da wasa.

Lokaci ma ka duba. Watan Afrilu da Mayu daga ƙarfe 12 zuwa la'asar ba wanda ke da ƙarfin amsa tambaya, da azumi sai bayan tarawi, da damina mutanen ƙauye na gona tun safe, ranar Alhamis da kasuwa ke ci ɗan kasuwar Dole ba shi da lokacinka, Juma'a kuma ka bari sai an sauko.

In wayarka Android ce ka koyi KoboCollect, na cika kestiyone a waya ne, yana aiki ba reso, in ka samu intanet ka tura, ya fitar maka da komai a Excel, ka huta da kuɗin fotokopi da wahalar shigarwa. Kuma duk dare ka kwafe aikin ranar wuri biyu, kle da imel ɗinka. Ni a nawa aka ɗauke min waya a tasha da hira tara a ciki ban kwafe ba, biyu daga cikin mutanen sun tafi ci-rani kafin in koma, har yau ina jin zafin hirar wani dattijo da ban sake samun irinta ba.

Abu ɗaya kuma da zan roƙe ku saboda Allah, kar ka zauna gindin bishiya ka cika kestiyone da kanka. In 70 ka samu ka rubuta 70.

Mataki na bakwai, juye hira da lissafi

Hirar awa ɗaya na iya cin awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, saboda haka kar ka tara, yi kowace a cikin kwana biyu tun muryar na kunnenka. Rubuta ta da Hausa yadda aka faɗa, da karin maganar da habaicin da dariyar, sannan ka fassara wuraren da za ka ɗauko kawai. A cikin memwar ka sa Hausar ka sa fassarar a ƙasanta. In mutum ya ce labarin WhatsApp ƙanzon kurege ne kai ka rubuta "ba shi da inganci" da Faransanci ka wuce, ka zubar da rabin abin da ya gaya maka, ka bar kalmarshi ta tsaya ka yi bayaninta.

Lissafi Excel ya isa, ba dole sai manyan manhajojin lissafi irin SPSS ko Sphinx ba. Kar ka tsaya a kashi nawa suka ce e, gicciya amsoshi, shekaru da kafar da aka fi so, jinsi da mallakar waya, karatu da gaskatawa, nan ne abin mamaki ke fitowa. Kowane tebur ka sa yawan mutanen, kashi 50 na mutum 8 mutum 4 ne kawai. Ƙarƙashin tebur kar ka sake karanta mana lambobin da muke gani, gaya mana me suke nufi, ka jawo maganar wanda ka yi hira da shi, ka jawo tewori ɗinka. In ipotez ta faɗi ka rubuta ta faɗi ka nemi dalili, juri ta fi girmama wannan a kan a murɗe lamba.

Mataki na takwas, rubutu

Fara da babin hanyar bincike don shi ka fi sani, sai sakamako, gabatarwa ita ce ta ƙarshe. Tsari ka bi takardar ƙa'idar makarantarku, yawanci Times New Roman 12 da tazarar layi 1,5, amma abin da suka ce shi ne. Duk jimlar da ba taka ba ka sa ta cikin alamar zance da suna da shekara da shafi. ChatGPT da ire-irenshi na iya gyara maka Faransanci amma suna ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, kar ka sa komai a bibliyogarafi sai ka buɗe shi da idonka. Ka riƙa kai wa malam babi-babi, kuma in akwai kuran ka yi sharji ka yi aiki, kar ka ce sai dare.

Mataki na tara, sutanas

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti 15 zuwa 20 ake ba ka yawanci, silaid 10 ko 12 sun isa, rabinsu sakamako, tarihin radiyo kar ya ci maka minti biyar don juri ta san shi. Gwada a gaban abokai sau uku da agogo. Buga silaid ɗin a takarda kwafi huɗu saboda in wuta ta ɗauke ka ci gaba ba tare da ka rikice ba. Tambayoyin da ba sa wuce ɗalibi su ne me ya sa wannan unguwar, ta yaya ka zaɓi mutanenka, ta yaya ka fassara tambayoyinka, mene ne raunin aikinka, ka shirya amsarsu tun a gida, ka tafi da kestiyone na Hausa a jaka ko ma ka sa shi a rataye a ƙarshen memwar. In ana maka gyara ka rubuta, kar ka katse malami, abin da ba ka sani ba ka ce za ka duba. Dangi da abokai ka gaya musu su kashe waya su bar hoto da guɗa sai an fito da maki.

Bayan an gama kar ka ajiye gyaran juri sai ka huta, yi shi a cikin satin ka kai kwafin ƙarshe a sa hannu. Sannan ka buga guda ɗaya ka kai wa gidan radiyon da suka buɗe maka ƙofa, ka je ka yi wa mai unguwa godiya, ka sayi shayi da sukari ka koma fadar da ka fara zama ka gaya musu da Hausa abin da ka gano, in sun musa wani abu ka rubuta shi a kaye, ɗan lisans zai buƙace shi ranar da aka ce ya kawo suje na masta.